Sunan da Bai Hau Bango Ba

Duk wanda ya shiga kwalejin da na ƙare aikina a Kazaure, in ya bi ta bayan ɗakin karatu ya nufi gabas, zai tarar da ginin wasanni. Ku ma 'ya'yana kun san shi, tunda can 'yar'uwarku Amina ta yi wasan kammala karatunta, ni kuma na zauna a layin gaba ina tafi kamar mutumin kirki. Wurare uku ne a ginin, kowanne da allonsa na baƙin dutse. Babban zaure yana ɗauke da sunan marigayi Malam Tukur, shugaban kwalejin na farko, kuma ya cancanta, don a gindin darbejiya ya fara koyar da ɗalibai tun ba a kafa ko tubali ɗaya ba. Ɗakin kiɗa sunan Inna Talle ta Roni aka sa masa, mai kiɗan ƙwarya, wadda a zamaninta biki bai cika biki ba sai ta zo. Na ukun shi ne dandalin waje, fili zagayayye mai matakalan siminti, inda ake wasa a sarari kamar a kasuwa. Sunan da ke jikinsa na wani ɗan kwangila ne, Alhaji Mamuda, mutumin da ban taɓa jin ya zauna kallon wasa ba ko sau ɗaya. Shi ba shi da laifi, bai roƙa ba. Ni na sa sunansa ya hau bangon nan, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina.

Kun tashi kuna jin cewa kakanku manomi ne a wani ƙauye bayan Gwiwa. Yana da gona kam, ta gero da wake, amma ba da ita aka san shi ba. Kakanku ɗan kama ne. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani: 'yan kama su ne masu zaga kasuwanni da gidajen biki suna ba mutane dariya, da rawanin tsumma da takobin katako da 'yar ganga a hammata, kuma duk waƙarsu ta abinci ce. Sunansa na yanka Abubakar, a gida Garba, a kasuwa kuwa Garba Sha-Miya. Yakan naɗe ƙafa a tsakiyar fili ya murtuke fuska kamar alƙali, ya saurari ƙarar da tuwon dawa ya kai dambu, ya kira miyar kuka shaida, daga ƙarshe ya ɗaure ɗanwake wata shida saboda taurin kai. Na ga dattawa masu furfura suna riƙe ciki suna roƙonsa ya yi shiru. Daga Gwiwa har Babura da Kanya Babba ba kasuwar da ba ta san muryarsa ba, har tsallaken iyaka ake gayyatarsa ya dawo da sefa a aljihu. Da wannan ganga aka saya mini takalmin makaranta na farko.

Ina ajin ƙarshe a makarantar horon malamai wasu abokaina biyu suka biyo ni hutu, 'ya'yan ma'aikata ne daga Kano. Na san ranar kasuwa ce, na yi ta kewaye-kewaye don kada mu bi ta rumfar masu hatsi, amma dariyar mutane ta ja su. Muka kutsa cikin taro, sai ga Baba kwance a ƙasa yana birgima da akushi, wai tuwo ya yi masa rashin kunya. Ya ɗago muka haɗa ido. Bai kira ni ba, bai nuna ya san ni ba. Juya mana baya ya yi, ya ƙarasa wasansa yana fuskantar wancan ɓangaren. Da yamma, bayan na raka baƙina mota, na same shi a ƙofar gida yana gyara tsarkiyar ganga.

Ya ce, "Na gan ka da abokanka. Sun yi dariya?"

Na ce, "Sun yi, Baba."

"To, madalla. Kai fa?"

Na wuce shi na shige gida. Ya rasu shekara biyu kafin aurena. A takardun aiki na rubuta Salisu Abubakar, kuma Abubakar a ƙasar nan sun fi a ƙirga, don haka ba wanda ya taɓa tambaya.

Shekarar da aka gama ginin wasanni, na riga na zama babba a kwaleji. Ni ne shugaban kwamitin ladabtar da ɗalibai, kuma na riƙe aikin da hannu biyu, har yaran suka sa mini Malam Ba-Wasa. Sun ɗauka ban sani ba. Na sani, kuma in faɗa muku gaskiya, sunan yana mini daɗi. A shekarar ne kujerar mataimakin shugaba za ta zama ba kowa, kowa kuma ya san ina cikin waɗanda ake kallo. Sai aka kafa kwamitin sa wa sabon ginin suna, aka ba ni sakatare, don an san ba na wasa da rubutu.

Sunaye biyun farko ba su ɗauke mu rabin sa'a ba. Da aka zo kan dandali, sai Malama Rabi ta ɗaga hannu. Ita ce shugabar sashen wasan kwaikwayo, 'yar Babura, mace mai zafin nama wadda in ta kama magana ba ta sakinta sai ta ga ƙarshenta. Ta yi shekara biyu tana bin tsofaffi ƙauye-ƙauye tana ɗaukar muryoyinsu a kan wasannin da.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, dandalin nan na kasuwa ne, ba na masu kujera ba. Duk inda na je, daga Roni har Achilafiya, suna ɗaya tsofaffi suke ambata, kuma kafin su ƙarasa faɗarsa sun fara dariya. Garba Sha-Miya. Mutumin nan ya yi wasan kwaikwayo shekara arba'in ba dandamali ba labule. In ba mu sa sunansa ba, wa zai sa?"

Alƙalamina ya tsaya a kan takarda. Shugaban kwaleji, mutum mai nauyin jiki da ba ya cika fara'a a taro, sai ga shi yana girgiza don dariya. Wai yana yaro ya ga lokacin da Sha-Miya ya yi wa ƙosai wa'azi a kasuwar Kazaure. Wani ya kawo nasa labarin, wani ma ya kawo. Ina zaune a tsakiyarsu ina rubuta sunan ubana a cikin bayanin taro. Wani abu a raina ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne tsoro. Na hango ɗalibai ɗari-ɗari suna wucewa ta gaban allon nan kullum, na hango ranar da ɗaya daga cikinsu zai gano, Malam Ba-Wasa ya koma Ɗan Sha-Miya.

Kwalejinmu tana da wata ƙa'ida. An taɓa sa wa wani ɗakin kwanan ɗalibai sunan wani dattijo ba tare da an tambayi gidansa ba, 'ya'yansa suka zo har ofis suka ce ubansu ba maraya ba ne. Tun daga nan, ba a sa sunan mamaci sai an tura wakili da goro ya nemi yardar iyali, ya dawo ya rubuta abin da suka ce. Malama Rabi ta ce ta ji yana da 'ya a ƙauyensu, da kuma wani ɗa da ya yi boko ya ɓace, wasu sun ce yana Ikko.

Shugaba ya dube ni ya ce, "Malam Salisu, ai kai ɗan can wajen ne. Ka ɗauke mana wannan."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Malama Rabi ta so ta bi ni. Na ce mata damina ce, daga Gwiwa sai babur, ga rafi a hanya, ita kuma tana da tsohon ciki. Duk gaskiya na faɗa, kuma duk da mugun nufi.

'Yar da ake magana ita ce Yaya Hanne, gwaggonku, wadda kuke tunawa da ƙuli-ƙuli a leda duk zuwanta. Ta girme ni da shekara goma, kuma da mahaifiyarmu ta rasu ita ta goya ni. Ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Na same ta a tsakar gida tana matsar man gyaɗa, zani ɗaure a ƙirji. Tun a kan babur na tsara maganata yadda za ta ƙi da kanta, ni kuma in wanke hannuna. Na ajiye ƙullin goro a gabanta na ce makaranta ce ta aiko. Na ce suna so su rubuta sunan Baba a wani fili da yara ke wasan banza, inda kowane mara kunya zai wuce ya nuna da yatsa. Na ce ni dai a ganina wanda ya rasu addu'a yake bukata, ba tone-tone ba.

Ta tsaya da hannunta cikin turmi tana kallona.

"Auta, sunan Baba? A makarantar gwamnati?"

"Eh, amma Yaya ki duba..."

"A rubuce? Yadda ruwa ba zai wanke ba?"

"A jikin dutse ne. Sai dai abin da nake so ki gane..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta rangaɗa guɗa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Kafin in ankara mata sun cika gidan. Ta kwance ƙullin goron da hannunta mai maiƙo ta shiga rabo, ta aika wa liman nasa, ta aika wa mai unguwa nasa, ta aika gidan tsofaffin da suka yi yawo da Baba. Ku da kuka tashi a gari ba lallai ku gane ba: a wajenmu in aka raba goro, magana ta zauna, gari duka ya zama shaida. Liman ya zo da kansa ya yi addu'a. Wani tsoho da ya riƙa ɗaukar wa Baba ganga ya kama hannuna ya ƙi saki, yana cewa dama ya san bokona zai yi rana.

Da za ta sallame ni ta ce, "Ka gaya musu na yarda sau dubu. Ranar buɗewa ka aiko, ko da rarrafe zan zo."

Na dawo gida da la'asar, na zauna a kan tabarma ban cire hula ba. Mahaifiyarku ta kawo ruwa ta dube ni sau ɗaya ta san da magana. Kun san ta, 'yar gidan alƙali ce, kuma shekara ashirin da biyu ina lallaɓa asirina a gabanta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ranar na gaji, na faɗa mata komai. Na zaci za ta dafe ƙirji. Sai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ta ce, "Malam, kana tsammanin Babana zai ba da 'yarsa bai aika an bincika asali ba? Tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa ya sani. Cewa ya yi mutumin da ya sa gari dariya shekara arba'in bai taɓa zagin uban kowa ba, ɗansa ya isa a ba shi mata."

"Kika yi shiru duk shekarun nan?"

"Kai ka yi shiru. Ni jira nake."

Da mai hankali ne ni, da nan maganar ta ƙare. Amma haushi na ji, haushi mai zafi, irin na wanda ya daɗe yana ɓuya a bayan ƙofa ashe kowa yana hango ƙafarsa. Na ce mata gida daban, wurin aiki daban, kuma ba ta san yaran yanzu ba. Ta ce ita dai ta san in aka ce mutum ya zaɓa tsakanin ubansa da kujera, bai kamata ya kwana yana tunani ba. Na ce ban tambaye ta ba. Kwana uku muna gaisawa kamar maƙwabta.

Ranar Litinin na rubuta rahoton. Layi huɗu ne, har yanzu ina iya karanto shi da ka. Na ce na isa ga iyalin marigayin, na gabatar da saƙon kwaleji da goro bisa al'ada, iyalin sun gode, amma ba su amince a sa sunansa ba, kuma sun roƙi kada a sake tayar musu da maganar. Wannan layin na ƙarshe don Malama Rabi na sa shi, saboda na san halinta. Da na karanta a taro idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Kunyarsa suke ji ke nan. Mutumin da ya ciyar da su da muryarsa. Allah ya kyauta."

Na rubuta a bayanin taro cewa shugabar sashe ta nuna rashin jin daɗinta. Lokaci ya ƙure, mai sassaƙa allo yana jira, sai wani ya ce ga Alhaji Mamuda da ya yi ginin, ya ƙara matakala biyu daga aljihunsa. Aka tura wani da goro, shi kuwa yana raye, ya karɓa da murna. Aka buɗe gini da kiɗa da jawabai. Jikokin Inna Talle sun zo mota guda daga Roni da ƙorensu, suka yi ta kiɗa a gaban allon kakarsu har rana ta yi zafi. Ni na riƙe wa babban baƙo almakashi. Wata biyu bayan haka aka ba ni mataimakin shugaba. Yaya Hanne kuwa, duk aiken da ta yi sai in ce aikin gwamnati ne, ba a gama ba tukuna.

Bayan na yi ritaya na rubuta wa kwaleji gaskiyar abin da ya faru, na roƙi a gyara. Suka amsa mini cikin ladabi cewa an nemi yardar gidan Alhaji Mamuda bisa ƙa'ida, sun kuma bayar, ba a cire sunan da aka sa da yardar iyali. Ƙa'idar da na yi amfani da ita, ita ta rufe mini ƙofa, kuma ba ni da bakin ƙorafi. Amma wannan daga baya ne, lokacin Yaya ta riga ta rasu. Abin da nake so ku sani ya faru ne da kaka, a shekarar da aka buɗe ginin.

Yanar ido ta matsa wa Yaya Hanne, aka kawo ta asibiti a Kazaure ta sauka a gidanmu. A asibitin ne wata ma'aikaciya ta ce mata ai an buɗe ginin wasanni tuni. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ɗauka aiki ne ya sha kaina na manta. Ranar Asabar da hantsi ta fito da sabon zaninta na Sallah da mayafi, ta ce in kai ta. Na ce hutu ake, an kulle. Ta ce ba ciki za ta shiga ba. Mahaifiyarku tana tsaye a ƙofar kicin, ta miƙo mini makullin mota.

Ba kowa a kwalejin sai awakin masu gadi. Na riƙe mata hannu muka sauka matakala ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a tsakiyar fili ta juya a hankali, da ɗan abin da ya rage mata na gani.

Ta ce, "Kai, wuri ya yi kyau. Nan zai tsaya, mutane su zagaye shi. Ina rubutun?"

Na kai ta gaban allon. Ba ta iya karatu, ga ido ba lafiya, ga ba kowa a wurin. Ƙaryar tana kan harshena a shirye, kuma na san in na faɗe ta za ta koma ƙauye da farin ciki har ta mutu. Na buɗe baki ke nan sai ta ɗora tafin hannunta a kan dutsen. Ta shiga bin haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tana shafa sunan Alhaji Mamuda tana cewa, "Allah ya jiƙanka, Baba. Ka ga inda ka zo. Allah ya jiƙanka." Wannan ne abin da na kasa ɗauka. Na kama hannunta na sauke shi daga bangon.

Na ce, "Yaya, ba sunansa ba ne."

Na faɗa mata duka, har layi huɗun nan na karanto mata da ka. Ina magana ina kuka, ni Ba-Wasa, mai shekara hamsin da ɗoriya. Na jira ta zage ni, na so ma ta zage ni. Ta goge hannunta a jikin mayafi, ta daɗe tana kallon inda allon yake.

"Me ka ce ka rubuta musu?"

"Cewa iyalinsa ba su yarda ba. Ƙarya na yi, Yaya. Ki yafe mini."

Ta girgiza kai.

Ta ce, "A'a, ba ka yi ƙarya ba. Ɗa namiji shi ke magana da yawun gida, kuma kai kaɗai ne namijin da ya haifa. Iyalinsa sun ƙi shi. Ni ce dai ban sani ba."